Garin Da Ya Yi Doro

Sunan koginsu Doro.
Na yi dariya da na ji,
don garin ne ya yi doron, kogin miƙe yake:
gida bisa gida bisa gida,
kowanne ya dafa kafaɗar na ƙasa
yana leƙen ruwa.

Na sauka Porto ranar Talata ana yayyafi,
da jaka ɗaya da lambar wayar da ba ta shiga.
Matakala ɗari biyu da 'yan kai
daga gaɓa zuwa ɗakin da na kama.
Sau uku na ƙirga, sau uku lissafi ya saɓa,
sai na bar wa gwiwa ƙidayar.

Mai gidan, tsohuwa Ermelinda,
ba ta tuɓe baƙin tufafi ba
tun shekarar da teku ya riƙe mata miji.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Ta nuna makulli, ta nuna agogo,
ta ware yatsu goma: in na wuce haka, in kwana waje.
Kwana uku sai ga miyar ganye a bakin ƙofata,
tukunyarta daban, ba yankan alade a ciki.
Ban faɗa mata komai ba.
Darduma ta gani a taga.

Kafin gari ya waye ina cikin jirgin ƙasa
yana rarrafe bisa gadar ƙarfe,
hazo a ƙasa, ba kogi ba gari,
sai fitilar wani masunci tana yawo ita kaɗai.
Ni da na gaji dukanci kaka da kakanni,
a nan inji ke koya mini yankan fata.
Abílio, shugaban layinmu, mai tari da faɗa,
ya ga jar alaben da babana ya ɗinka,
ya karɓa, ya shinshina, ya bi ɗinkin da farce,
ya daɗe bai ce uffan ba.
Tun ranar ya daina yi mini tsawa.

Tsuntsayen tekunsu ba kunya.
Ɗaya ya fizge burodi daga hannuna,
ya tsaya kan bango yana yi mini guɗa.

Lahadi nakan gangara Afurada, unguwar masunta.
Mata na dukan wanki a kwarmin dutse,
shanya na kaɗawa kan sanduna,
sadin na tsiyayar mai a kan gawayi.
Hayaƙin ya shiga idona.
Na ce hayaƙin ne.

Wata bakwai, ɗan'uwa,
ba wanda ya taɓa jikina ko da kafaɗa.
Gaisuwarsu kalma biyu ce, ta ƙare,
ba mai tambayar gajiya, ba mai tambayar gida.

Sai daren bikinsu na tsakiyar shekara.
Gari ya zubo gaɓa kamar an kifar da ƙwarya,
kowa da gudumar roba mai ƙara,
ana ƙwanƙwasa kan wanda aka sani da wanda ba a sani ba.
Wata yarinya mai wushirya, bisa wuyan ubanta,
ta miƙo hannu ta sauke mini tata a ka:
fiit!
Na tsaya.
Ta jira.
Na sunkuyar da kai, ta ƙara.

Fitilun takarda na ta hawa sama,
kogi na kwashe haskensu yana kai wa teku.
An ce shi ma baƙo ne,
daga tsaunukan Sifen ya taso,
kullum in ya iso baki ruwan gishiri ya turo shi baya,
kullum ya sake gwadawa.

Ƙarfe uku na dare na hau matakala,
kaina na zafi, ina dariya ni kaɗai,
na riga na zaɓi dakalin da zan kwana.
Na taɓa ƙofa.
Ba sakata.
Takalmin Ermelinda ne aka tokare ta da shi.